Kundin aikin kare kayan sautina daga tsawa da haukan wuta

10 ga Mayu, 2025

Hadari ya fara haɗowa ta gabas da maraice, ko da yake har yanzu Kano ba ta ga ruwan kirki ba. So nake in gama wannan aiki kafin damina ta kankama. Kayan da nake son karewa su ne amfilifaya Sansui da na gada wurin mahaifina, dek ɗin kaset Technics, ƙaramar miksa, na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, sai talabijin da dikodar da ke jone da su. Da waɗannan nake kwashe tsofaffin kaset-kaset na tafsiri da waƙoƙi da marigayi ya tara, ina mayar da su kwamfuta kafin zarensu ya lalace.

A Agustan bara tsawa ta faɗi kusa da unguwarmu. Ta ƙona dikoda, ta kashe ramin HDMI na talabijin, ta taɓa ɓangaren shigar sauti na amfilifaya. Firji da fanka da cajoji babu abin da ya same su, kuma a lokacin ma babu wuta, tun la'asar aka ɗauke. Dattijon da ya gyara min amfilifayar a Sabon Gari ya duba inda ta ƙone ya ce, "Malam, wannan ba ta soket ta shigo maka ba. Je ka duba wayar dish." Ya bi min hanyar da yatsa: daga dish zuwa dikoda, daga dikoda zuwa talabijin, daga nan ta bi wayar sauti ta sauka a amfilifaya. Gyaran ya ci N38,000, kuma ya gaya min cewa kayan gyaran irin wannan tsohuwar amfilifaya sai ƙara wuya suke yi. Idan ta sake ƙonewa, mai yiwuwa shi ke nan.

Na ware N150,000. Za a fara da wayar ƙasa.

13 ga Mayu

Mai wayarin ya zo. Mun kwance soket uku a falo, kowanne da koriyar wayarsa mai ratsin ɗorawa a ɗaure daidai. Da muka buɗe akwatin rarraba wuta sai ga su duka an haɗe an naɗe da salatif, an tura bayan akwatin. Ba su je ko'ina ba. Wanda ya yi wa gidan waya tun farko bai binne rodi ba sam, wato ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa a ɗaure waɗannan wayoyi a jikinsa.

Wannan ya tayar min da hankali fiye da maganar kayan sauti, domin yara na taɓa firji da dutsen guga kullum. Ga shi kuma duk wata na'urar tare tsawa da za a saya, aikinta shi ne ta karkatar da rarar wuta zuwa ƙasa. Idan babu hanyar zuwa ƙasa, rabin aikinta ya tafi.

Mun kuma kwance estenshan ɗin da kayan ke kai, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana tare wuta mai ƙarfi. Babu komai a ciki sai makunni da ɗan jan ƙwai mai haske. Na gaske yana ɗauke da wani ɗan faifai, yawanci shuɗi, da ake kira MOV. Shi ne ke zaune shiru muddin wuta tana daidai, in ta yi tsalle ya buɗe mata hanya ta kauce wa kaya. Wannan ko alamarsa babu, ƙafar ƙasa ta fulogin ma ba a jona ta da komai ba.

17 ga Mayu

Sayayya a France Road. Rodin ƙasa biyu masu tsawon mita 1.5, N14,000 kowanne. Waya mai kaurin 16mm², mita 12, N38,400.

Na daɗe a kan zaɓen rodi. Akwai na N5,000 da ke ƙyalli kamar jan ƙarfe, amma fenti ne kawai aka fesa wa baƙin ƙarfe, damina biyu tsatsa ta cinye shi a ƙasa ba tare da ka sani ba. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, saboda mai kyau ɗin ma cikinsa baƙin ƙarfe ne, jan ƙarfen a waje aka lulluɓa. Sai an goga masa zarto a ga kaurin lulluɓin. Mai inganci yana kai wajen rubu'in milimita. Mai shago na farko ya ƙi yarda a goga, na biyu da kansa ya miƙo zarton. Wurinsa na saya.

20 ga Mayu

Yau aiki ya cije. Mun zaɓi bayan ɗaki ta arewa, kusa da inda ruwan wanka ke gangarawa, wurin da ba ya rabuwa da laima kuma bai yi nisa da akwatin wuta ba. Rodi ya shiga wajen santimita 60 lafiya, sai ya tarar da marmara. Leburan ya ci gaba da dukansa da babbar guduma, kan rodin ya baje, tsakiyarsa ta lanƙwashe, lulluɓin jan ƙarfen ya tsage a wurin lanƙwasar. Da zarar ya tsage ruwa zai sami baƙin ƙarfen, don haka ya tashi daga aiki. N14,000 ta tafi.

Lebura ya ba da shawarar a yanke abin da ya rage a sama a ɗaure waya a haka, wai kowa ma haka yake yi. Na ƙi. Santimita 60 na sama ita ce ƙasar da ke bushewa ƙayau a watan Maris da Afrilu. Mun tsayar da shawarar a haƙa rami da diga a fasa marmarar, sannan a kafa rodi daga ƙasan ramin.

22 ga Mayu

Haƙa. Kuɗin lebura N10,000. Na sayo rodi na uku.

24 ga Mayu

An kafa rodi ɗaya, muka ɗauko wani mai na'urar auna ƙasa. Ya kafa ƙananan ƙarafa biyu a layi ɗaya can nesa da rodin, ya ja wayoyi, ya danna. Om 140, ma'aunin yadda ƙasa ke turje wa wuta ke nan, ƙaramar lamba ake so. Na ji ba daɗi, amma ya ce a ƙarshen rani a irin wannan ƙasa bai yi mamaki ba.

Nan gardamar gishiri ta tashi. Mai wayarin ya ce, "Yallaɓai, buhun gawayi da kwano huɗu na gishiri, ka ga lamba ta faɗo yanzun nan." Gaskiya ya faɗa, za ta faɗo. Sai dai ruwan sama yana wanke gishirin a hankali, kafin ya tafi kuma ya ci rodin da maɗaurinsa. Na ce, "Injiniya, abin da za a binne ba a sake ganinsa ba, gara wanda zai daɗe." Muka tsaya a kan bentonait, wani yumɓu mai riƙe ruwa da masu haƙar rijiyar burtsatse ke aiki da shi. Wurinsu na samo buhu a N9,000. Aka dama shi ya yi kauri, aka zuba kewaye da rodin.

Rodi na biyu mun kafa shi mita 3 daga na farko, muka haɗe su da wayar 16mm². Idan aka matse su kusa da juna ƙasa ɗaya suke rabawa, amfanin na biyun ya ragu. Awo na biyu ya ba da om 58. Mai awo ya karɓi N15,000, har da alkawarin dawowa bayan ruwa ya sauka. Na sa an gina ɗan akwatin bulo mai murfi a kan kowane rodi don a riƙa duba maɗaurin.

27 ga Mayu

An jona koriyar wayar gidan gaba ɗaya da rodi. Ruwan farko ya sauka da dare, ba yawa.

31 ga Mayu

An saka SPD a akwatin rarraba wuta, N24,000, da birekarta N5,000. Wannan ita ce mai tare tsallen wuta da ke biyo wayar falwaya, irin wanda tsawa ke haddasawa ko da nesa ta faɗi, da wanda ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta. Aji na 2 na saya, mai 40kA. Aji na 1 na gidan da ke da ƙarfen tsawa ne a sama ko wanda ake fargabar tsawa ta faɗa kan layinsa kai tsaye, aji na 3 kuma shi ne ƙaramin da ke zama kusa da kaya.

Akwai mai 275V, akwai mai 320V. Wutarmu a ƙa'ida 230V ce, amma da tsakar dare nakan ga ta haura 250. Na ɗauki mai 320V don kada ta yi ta gajiya a kan hawan da ba na tsawa ba, duk da na san abin da za ta bari ya wuce ya ɗan fi na ɗayar.

Abin da muka fi ɓata lokaci a kai shi ne tsawon waya. Injiniya ya so ya kafa ta a gefen bango inda ya fi sauƙi, da waya wajen mita ɗaya da rabi. Ƙa'ida ita ce jimillar wayar shiga da ta zuwa ƙasa kada ta wuce santimita 50. Tsallen tsawa yana tashi ne cikin 'yan miliyoyin kashi na daƙiƙa, kuma a irin wannan sauri kowace mita ta waya tana iya ƙara wajen volt 1,000 a kan abin da zai isa ga kayanka, komai kaurinta. Sai da muka matsar da bireka biyu muka sama mata wuri dab da sandar ƙasa, wato ƙarfen cikin akwati da wayoyin ƙasa ke haɗuwa a jikinsa. Mun tashi da santimita 40, babu naɗi, babu lanƙwasa mai kaifi.

4 ga Yuni

An dakata sai bayan Babbar Sallah.

11 ga Yuni

Na'urar yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, mai nuna lamba, N16,000. Aikinta daban da na SPD. Ita SPD tana maganin abin da ya zo ya wuce kafin ƙiftawar ido. Wannan kuwa tana maganin wutar da ta hau ta zauna. Na saita ta ta yanke a 250 ta sama, 190 ta ƙasa, ta kuma jira minti uku bayan an kawo wuta kafin ta saki. Wannan jiran yana da muhimmanci, domin sau da yawa akan kawo, a ɗauke, a sake kawowa cikin minti guda.

Na kuma sayi estenshan na gaske, N21,000, bayan mai shago ya kwance shi na ga faifan a ciki.

14 ga Yuni

Matsala. Daga magariba zuwa ƙarfe goma wutar layinmu tana sauka 175 zuwa 185, na'urar sai yankewa take yi, gidan ya yi duhu alhali maƙwabta na da wuta. Maman yara ta yi magana, kuma da gaskiyarta. Na sauke iyakar ƙasa zuwa 165 don gidan gaba ɗaya, na mayar da tsohuwar sitabilaiza kan layin kayan sauti kawai.

Ita ma da nata. Duk lokacin da ta canza mataki sai a ji "ƙas" a sifika, kuma yana shiga cikin abin da nake ɗauka. Ba zan ɗauki karatun da babu kwafinsa a ko'ina da wannan ƙara a ciki ba. Don haka aikin kaset ya koma safiya, lokacin da wuta ke zaune. Mutane da yawa suna ɗauka sitabilaiza tana kare kaya daga tsawa. Kafin ta motsa, abin ya riga ya wuce ta.

21 ga Yuni

Ranar dish. Mai saka dish ya zo da ɗan ƙarfen da ake ratsa wayar ta cikinsa a ɗaure shi da ƙasa, da kuma ƙaramar na'urar tare tsawa ta wayar dish, duka N11,000. Dole a nemi wadda ke barin wutar 13V da 18V da dikoda ke aika wa kan dish ta wuce, kuma ta ɗauki zangon 950 zuwa 2150MHz, in ba haka ba hoto ya ɓace.

Ina wurin aiki ya gama. Da na dawo na kunna amfilifaya sai wani gurnani mai kauri ya cika sifika, ko an rage murya yana nan. Na cire wayar sautin talabijin, ya ɗauke. Na mayar, ya dawo. Na zaga waje sai na tarar ya kafa nasa guntun rodi a gindin bangon da dish yake, ya ɗaure wayar a can. Gidan ya zama da ƙasa biyu waɗanda ba su san da juna ba, ɗan bambancin da ke tsakaninsu yana bi ta wayar sauti, shi ne gurnanin 50Hz da nake ji.

Gurnanin ƙaramin abu ne a kan haɗarin da ke bayansa. In tsawa ta faɗi kusa, ƙasar da ke wancan rodi za ta iya ɗagawa da dubban volt fiye da ta wannan, kuma babu abin da ya haɗa su sai dikoda da talabijin da amfilifayata. Ta cikinsu wutar za ta bi ta daidaita kanta.

24 ga Yuni

An cire guntun rodin. Mun sake wa wayar dish hanya, ta zagayo ta shigo ta kusa da akwatin wuta, aka ɗaure ta da gajeriyar waya a sandar ƙasa ɗaya da SPD. Injiniya ya kwatanta abin da kyau: mutanen da ke cikin kwale-kwale ɗaya, in ruwa ya ɗaga tare yake ɗaga su, wanda ya sa ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a gaɓa shi ke faɗawa. Tun da na fara aikin nan ban ga abin da ya kai wannan muhimmanci ba, kuma kuɗinsa bai kai na rodi ɗaya ba.

Gurnani ya ragu ƙwarai amma da saura. Na cire wayar sauti ta ƙarfe tsakanin talabijin da amfilifaya gaba ɗaya, na sa wayar haske, wadda ba ta ɗaukar lantarki ko kaɗan. Sansui ba ta san wannan zamani ba, sai da na haɗa da ɗan akwatin da ke mayar da hasken sauti, duka N13,500. Shiru kamar ba a kunna ba. Hanyar da aka bi bara ta yanke.

5 ga Yuli

Mai awo ya dawo. Om 21. Ana son 10 ko ƙasa da haka ga mai ƙarfen tsawa, ni ba ni da shi tukuna.

16 ga Yuli

Jiya wajen ƙarfe tara na dare wuta ta yanke a gidanmu kaɗai. Na haska akwati, na'urar tana nuna 371. A waje kuwa ƙwan wasu gidaje ya yi fari fat har yana fashewa, na wasu ya koma ja kamar zai mutu. Wayar nutural ce ta tsinke a kan falwaya. Taransifoma layi uku take bayarwa, tsakanin kowane biyu akwai 400V, nutural ce ke riƙe kowane gida a 230. In ta tsinke, gidajen da ke layi daban-daban sai su raba 400 ɗin a tsakaninsu, mai ƙaramin lodi ya kwashi kaso mafi yawa. Babu hadari, babu walƙiya, sama tas.

An yi asara a layinmu. Talabijin, cajoji, injin firji, har da na'urar sautin masallacin unguwa. Mu ba abin da ya ƙone a cikin gida. Sai dai da safe na ga tagar SPD, wadda ke kore in tana lafiya, ta koma ja, da ɗan ƙaurin roba. Tana gaban na'urar yankewa, don haka ita ta sha wutar har fis ɗin zafi da ke cikinta ya raba ta da layi. Haka aka ƙera ta ta yi. Abin tsoron shi ne bayan ta mutu wuta tana ci gaba da shiga gida kamar kullum, in ba ka leƙa tagar ba sai ka shekara kana zaton kana da kariya.

19 ga Yuli

Na sayo 'ya'yan SPD biyu, N9,000 kowanne, ɗaya a saka ɗaya a ajiye. Zarewa ake yi a tura sabo. Duba tagar ya shiga aikin kowace Juma'a da kuma bayan kowane hadari.

2 ga Agusta

Wani mai sayar da ƙarfen tsawa ya zo da hoton irin mai ƙwallo a kai, ya ce guda ɗaya zai rufe gidana da na maƙwabta, N280,000. Ban saya ba. Ƙarfen tsawa gini yake karewa daga gobara da tsagewa, ta hanyar karɓar tsawar ya sauke ta ƙasa. Tsawa matsakaiciya tana ɗauke da wajen amfiya 30,000, kuma wannan duka zai bi ta gefen bangona ya shiga rodin da kayana ke jone da shi. Wanda zai saka shi sai ya shirya SPD aji na 1 da ƙasa mai kyau fiye da tawa. Gidana ba bene ba ne, kuma kewaye yake da gine-ginen da suka fi shi tsawo. Na bar wannan sai gaba.

14 ga Agusta

Hadari mafi ƙarfi a bana. Ina ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara, daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan. Tun tana daƙiƙa goma sha biyar na zare fulogin estenshan daga bango, na kwance wayar dish daga dikoda, na zare doguwar wayar sifikar da ke zuwa zaure, domin ita ma tana iya kwaso wuta daga iska. Kashe makunni bai isa ba, ratar da ke cikinsa 'yar milimita ce, tsawa tana tsallake ta. Ana yin wannan ne tun hadari yana nesa. In ya riga ya iso kai, a bar wayoyin kawai.

Akwai wadda ta faɗi haske da ƙara lokaci guda, har tagogi suka girgiza. Da safe tagar SPD tana kore, dikoda da talabijin da amfilifaya duk sun tashi. Ba zan ce na'urorin ne suka yi ba tunda kayan a zare suke, amma firji da rautar intanet a jone suka kwana kuma lafiyarsu ƙalau. Na koya wa babban ɗana zare wayoyin uku, na ɗaura wa kowacce jan ƙyalle don ranar da ba na gida.

23 ga Agusta

Kwamitin masallaci sun nemi in raka su duba nasu kafin su jona sabuwar amfilifaya. Lasifikokin suna can saman hasumiya a kan dogon ƙarfe, wayarsu ta sauko kai tsaye, babu rodi ko ɗaya. Injiniya zai fara musu da wayar ƙasa da na'urar yanke wuta ranar Litinin.

Lissafina ya kai kimanin N265,000 har da kuɗin aikin Injiniya N30,000, wato na haura abin da na ware da N115,000. Saura abu biyu. Ina shirin saka sola bayan damina don in raba kayan sautin da sitabilaiza gaba ɗaya, kuma wayar faranti daga rufi sabuwar hanya ce ta shigowa, tana buƙatar SPD irin ta DC, wato irin wutar da faranti ke bayarwa, a ɗaure ta a sandar ƙasa ɗaya da sauran. Sannan na yi magana da mai awo ya dawo a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. In lambar ta haura 60 za a ƙara rodi na uku ta gefen rijiya.